Kama da Wane Ba Wane Ba: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu daga Funtuwa: Malam, an ƙi karɓar fotokwafin takardar gonarmu a kotu, lauya ya ce mana "kama da wane ba wane ba". A nan ake sa wannan karin magana?

A nan ake sa shi, kuma lauyanka ya san Hausa. Asalinsa a kan mutane ne: ka hango wani daga nesa, tafiyarsa da rawaninsa irin na wane, ka ƙwala kira, ya waiwayo ka ga baƙuwar fuska. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 a kan wannan turba take. Sashe na 88 ya ce da takardar asali ake kafa hujja. Sashe na 89 ya buɗe ƙofa ga kwafi a wasu halaye, kamar idan asalin ya ɓace ko ya ƙone, ko yana hannun abokin shari'a an nema ya ƙi kawowa. In kuwa takardar hukuma ce, irin hukuncin kotu ko abin da ke rajistar filaye, ba kowane kwafi ba, sai wanda jami'in da ke riƙe da ita ya tabbatar: a biya kuɗin ka'ida, ya rubuta a ƙasa cewa ya yi daidai da asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi in ofishinsa na da shi. Sashe na 104 ke nan.

Abin da ke damuna shi ne yadda bakinmu ya cika da "orijinal" da "kwafi" kamar ba mu gaji komai ba. Tun kafin inji, malamai suna juyar littattafai da hannu, abin da aka samar kuma juyi ne. In an gama, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa, ɗaya yana bin juyin da yatsa layi-layi, inda aka yi tsallake a rubuta a gefe. Sunan wannan aiki a wajen masu littattafai muƙabala. Yau ka ce muƙabala, yaro zai ɗauka malamai biyu ne za su kara a gaban jama'a. Ban hana aron kalma ba, kwafi ta zauna daram. Amma mai rubuta labarin kotu a jarida ya kamata "asali" ta riga "orijinal" zuwa alƙalaminsa.

Wata daga Maraɗi: Mene ne bambancin shaida da hujja?

Shaida abin da aka gabatar ne, ko mutumin da ya gabatar. Sai alƙali ya gamsu da ita take zama hujja. Shaidar zur ma shaida ake ce mata.

Wani ɗalibi daga Zariya: "Gani ya kori ji." Ashe hoton hirar WhatsApp ya wadatar ke nan?

Ɗana, ka ja karin maganar ya wuce inda ya tsaya. Ganin da ake nufi na ganau ne, wanda abin ya faru a idonsa, kishiyar jiyau. Hoton allon waya kowa na iya ƙirƙira. Shi ya sa sashe na 84 ya nemi bayani kan na'urar da ta fitar da takardar da ingancin aikinta. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba.

Daga Kumasi: Bayyina Hausa ce?

Larabci ce, ma'anarta hujja bayyananniya, ta shigo ta zauren alƙalai: bayyina a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. A kotunan yanki da na ɗaukaka ƙarar Shari'a za ka fi jin ta, inda sashe na 256 ya ce dokar 2011 ba ta hau kan ƙararrakin da ba na laifi ba.