Maganin ciwon gwiwa zai iya jawo wa Inna ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekarunta 58. Wata biyar ke nan tana shan prednisolone mai miligiram 5, ƙwaya biyu kowace safiya, wanda take saya a kemis saboda ciwon gwiwa. Fuskarta ta cika, ƙishirwa ba ta barin ta, da dare kuma sai ta fita fitsari sau huɗu. An auna jininta da sassafe aka ce suga lafiya lau. Me ke damun ta? In hana ta sha?
Daga wata mai karatu a wani ƙauye kusa da Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Kada ki ƙwace maganin farat ɗaya, za mu zo kan dalili.

Prednisolone da dexamethasone, wanda mata ke kira dexa suna sha don ƙiba, duk dangin siteroyid ne. Suna kwaikwayon kotisol, sinadarin da wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda suke fitarwa. Ɗaya daga cikin ayyukan kotisol shi ne ya tara suga a jini idan jiki ya shiga matsi, ya lafa idan matsin ya wuce. Mai shan ƙwayar kullum kuwa, jikinsa ba ya samun wannan lafawar.

Bayan cin abinci, insulin ne ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka, domin tsoka ce babban rumbunsa. Siteroyid yana hana 'yan ƙofofin da ake kira GLUT4 fitowa a jikin ƙwayoyin tsoka, sai insulin ya yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe ba. Hanta kuma, wadda ya kamata ta dakata da zarar insulin ya iso, sai ta ci gaba da haɗa sabon suga daga furotin ɗin da ake zaftarewa a tsoka. Shi ya sa hannu da ƙafa ke sirancewa, kitse ya koma ciki da fuska da ƙeya. Wannan cikar fuska da mutane ke yi wa barka alamar illa ce. Fankiriyas, halittar da ke kwance bayan tumbi mai samar da insulin, zai ƙara yawan insulin don ya cike giɓi, amma shi ma maganin yana rage masa ƙarfi.

Awon sassafe ya ruɗe ku ne saboda lokaci. Prednisolone da aka sha da safe yana ɗaga suga daga azahar zuwa dare, kafin asuba ƙarfinsa ya ragu. A sake aunawa awa biyu bayan abincin rana, ko da la'asar, kwana biyu ko uku a jere. Idan ya kai 11.1 a ma'aunin mmol/L, wato 200 a na mg/dL, ga kuma ƙishirwa da yawan fitsari, ya shiga sahun ciwon suga. Dexa ya fi muni: miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na prednisolone, kuma yana wuce awa 36 yana aiki.

Wanda ya haura mako uku yana shan siteroyid, jikinsa yakan rage yin nasa kotisol ɗin. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, kasala, faɗuwar jini, har suma da rasa rai. Ki kai ta babban asibiti cikin makon nan da kwalin maganin a hannu. Likita zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan cikin makonni, ya duba gwiwar da kyau, don yawancin ciwon gwiwa na manyanta ba ƙwayar siteroyid ce maganinsa ba. Yana iya ba ta maganin rage suga kamar metformin ko gliclazide ko allurar insulin ta safe, a riƙa rage su yayin da ake janye siteroyid ɗin, kada suga ya faɗi ƙasa.

Kafin nan, ta bar lemon kwalba da zuba sukari a fura da kunu, ta rage malmalar tuwo, a ƙara mata wake da zogale, ta riƙa shan ruwa sosai. Idan awon suga ya wuce 20 a ma'aunin mmol/L, wato 360 a na mg/dL, ko ta fara amai, yawan barci ko ruɗewa, a tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.