Ko a Asiya ma akwai kwarkwasa?

Tambaya: Malam, daminar bana kwarkwasa ta shigo mana ɗaki tsakar dare, sai a tsakar gida muka ƙarasa kwana. Ko a Asiya ma akwai ta? Daga mai karatu a Kumo, Gombe.

Amsa: Sannu da wahala, ɗan'uwa. Akwai danginta, masana na kiransu Aenictus, daga Indiya da kudancin Sin har Indunusiya da Ostireliya. Nan Afirka ma muna da wasu. Ƙanana ne ƙwarai, launinsu daga rawaya zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Ma'aikatansu, wato masu fita neman abinci, makafi ne, ƙanshin sawun 'yan'uwa suke bi. Abin da ya fi ba ni mamaki abincinsu: sukan afka gidan wasu tururuwa su kwashe ƙwai da 'ya'ya, sannan su yi ƙaura.