Me Ya Sa Ake Katse Kallo A Jirgi?

Tambaya: Malam, da muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, jikana na kallon talabijin ɗin kujera sai ma'aikaciya ta ce ya cire abin kunne, ya mayar da allon cikin hannun kujera. Haka ma wajen sauka. Laifin me yaron ya yi? Daga wata Hajiya, ƙauyen Ringim, Jigawa.

Amsa: Hajiya, wallahi bai yi laifin komai ba. Tashi da sauka su ne lokutan da haɗari ya fi aukuwa. Ƙa'idar ƙera manyan jirage ita ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, ko da rabin ƙofofin sun toshe. To allon da ke fitowa daga hannun kujera yana tare hanya, igiyar abin kunne kuma na iya harɗe ƙafa, ga shi ba zai ji umarni ba. Na bayan kujera, kamfanoni da dama suna barinsa a kunne, sai dai ya tsaya idan ana sanarwa.

Ni dai na fi son a matsa a kan wannan. Ki gaya wa jikan naki, da jirgi ya daidaita a sama zai ci gaba da kallonsa.