Ga ƴar'uwar da awon jinin mahaifiyarta bai nuna komai ba

Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce yatsunta na kumbura, an auna FR, wato awon jinin da ake neman amosanin gaɓoɓi da shi, ba a ga komai ba, likita kuma ya rubuta wani awon jinin, anti-CCP, kina tsoron ɓarnar kuɗi. Don Allah ki yi mata. Ni ma ta nan na biyo.

Nawa ciwon da hunturu ya soma. Da asuba buta ma ba na iya ɗauka, sai ɗiyata ta zuba mini ruwan alwala. Hannu biyun duka suke sandarewa har hantsi, zobena kuwa maƙeri ne ya yanke shi. Aka ce sanyi ne. A wani ɗakin shan magani nan Maradi aka auna mini ASLO, na sha allurar penisilin wata da watanni a banza, alhali shi wannan awon tsohon ciwon maƙogwaro yake nunawa.

Sai a Yamai likitan gaɓoɓi ya zaunar da ni ya fahimtar da ni. Jiki na da sojojin da ke yaƙar cuta, wani lokaci sai su juya su far wa gaɓoɓin mai su, sawunsu ake nema cikin jini. FR na fitowa ga wajen mutum 7 cikin 10 masu wannan amosanin, saura kuwa takardarsu fes, ciwo na cin su. Yakan kuma fito ga mai ciwon hanta ko tarin fuka, ko tsoho lafiyayye. Anti-CCP ya fi shi tantancewa, ba kasafai yake fitowa ga wanda ba ya da cutar ba. Nawa FR babu, anti-CCP ya hau sosai.

In an ƙara da awon ANA, wanda wasu takardun ke rubutawa AAN, kada ki firgita. Lufus ake bincike, wata cutar ce da sojojin jiki ke far wa mai su, kuma lafiyayyu da yawa na da shi kaɗan. Likita ba ya yanke hukunci da takarda kaɗai, sai ya taɓa gaɓoɓin, ya duba VS da CRP, awon jinin da ke nuna kumburi.

Abin da ke ci mini rai, jiran da na yi ya lanƙwasa mini yatsu biyu, ba sa miƙewa kuma. Yanzu ina shan metotireksat sau ɗaya a sati, ana duba mini hanta, har daka ina taɓawa. Ki raba Inna da ƙwayoyin ƴan tebur, deksa da diklofenak, suna kwantar da zafi suna ɓata ciki da ƙoda. Kafin ranar ganin likita, ki rubuta gaɓoɓin da ke kumbura da tsawon lokacin da suke sandarewa da safe, ki ɗauki hoton hannun ranar da ya kumbura, ki tafi da kwalayen duk abin da take sha, har na gargajiya.