Alhaji, kada ka taɓa batirin tukuna

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Dole ya aiko da tambaya. Yana da motoci Prius biyu, masu aiki da mai da batir, suna jigilar fasinja, kowace tana cin kusan kilomita 200 a rana. Ƙanen Hajiyarsa ne ke kula da su. Ya ba shi kuɗin sababbin tayoyi, shi kuma ya kawo na hannu, ya ce an sami rangwamen jaka 80 a kowace mota. Tun daga nan kuɗin mai ya tashi daga jaka 5 zuwa jaka 7 a rana a kowace mota, direba ɗaya kuma na kukan motarsa tana jan gefe. Ƙanen ya ce batir ne ya gaji. Alhaji na son sani: ya sayi batir, ko ya sayar da motocin, ya ci bashi ya sayo motoci biyar?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zancen motoci biyar mu ajiye shi gefe. Mutumin da bai san inda jaka 2 ke zurarewa kullum a mota ɗaya ba, in ya tara biyar, asarar ce zai ninka, ga bashi a wuya. A duk takardarka ban ga inda ka ce "na duba kaye" ba. Mai sayen taya, mai sayen mai, da mai kawo maka labarin abin da ya lalace, duk mutum ɗaya ne, kuma babu rubutu. Nan matsalarka take.

Taya tana ƙara shan mai, wannan gaskiya ne. Irin motarka daga kamfani ake sa mata tayar da ke mirginawa cikin sauƙi, don kada ƙarfin inji ya ƙare wajen murza roba a kan kwalta. Tun 2012 Turai ta tilasta a liƙa wa sabuwar taya takardar da ke nuna matsayinta wajen tanadin mai, daga 2021 kuma ma'aunin ya koma A zuwa E. Tsakanin mafi kyau da mafi muni, bambancin bai cika wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba. To mu yi lissafi. Lita 10 a rana, a kusan sefa 500 kowace lita, jaka 5 ke nan. Ko tayar da ta fi kowace muni aka sa maka, ƙarin bai wuce sefa 400 ba. Ka haɗa da ƙarancin iska, mu ce 600. Kai kuma ana karɓar 2,000. Sauran 1,400 fa? Ban ce ƙanen Hajiya ya ci ba, Allah ya kiyaye in ɗora wa bawansa abin da ban gani ba. Wataƙila direba ne ke zagayen kansa da dare, wataƙila man bakin hanya ake zubawa. Abin da ke damuna shi ne kai kanka ba ka da hanyar sani.

Ko 400 ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne. A shekara ya haura jaka 100, ya cinye rangwamen 80 da aka yi maka murna da shi, tayar kuma ba za ta kai shekarar ba.

Gobe da safe ka je da ƙafarka ka tsuguna gaban motocin. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Wadda ta kai shekara 10, ko zanenta na nan raɗau, robarta ta mutu. Ka duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturun Turai ce, an yi ta don sanyin ƙasa da digiri 7, kuma irinta na da yawa cikin na hannun da ake shigowa da su. Mu nan a watan Afrilu zafi na haura 40. Robar laushi gare ta, tana cinyewa da wuri, tana shan mai, mota kuma tana lilo a kwana. Sannan ka gwada girman tayoyin huɗu da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, nan ma za ka ga awon iskar da ya dace. Jan gefen da direbanka ke kuka da shi, sau da yawa taya biyu ne a gaba da ba jinsi ɗaya ba, ko iska ba daidai ba. A Prius abin ya fi tsanani, domin ƙafafun gaba ne ke jan motar, su ne kuma ke mayar wa batir wuta in an taka birki. Kwamfutar motar da ta ji ƙafa ɗaya na sulɓewa sai ta rage ƙarfi, wanda ya taɓa shiga rairayi da ita ya san haka.

Na san wani mai motoci uku a hanyar Magarya da aka gaya wa irin maganar da aka gaya maka. Ya biya kuɗin batir, mai bai ragu ba. Da aka duba daga baya, tayoyin huɗu kamfani uku ne, biyu na hunturu. Kafin ya gane, ta baya ta fashe da fasinja a ciki, Allah ya tsare rai, amma motar ta yi watanni a gareji, zumunci kuma ya ɓaci tsakaninsa da ɗan wansa da ke kula masa da motocin. Da ya nemi rasit tun farko, da kunyar minti biyar kawai zai ji.

Batir ba a yanke masa hukunci da baki, akwai na'urar da makanike ke jonawa ta karanta lafiyarsa. Kafin ka kai can, ka sayi kaye biyu. A cika tanki a gidan mai ɗaya, a rubuta lambar kilomita, a sake cikawa a sake rubutawa, mako biyu a jere, kai da kanka kake biya. Ka gaya wa ƙanen Hajiya a gabanta, cikin mutunci, cewa daga yau sayen taya naka ne. In kuɗin huɗu sababbi bai samu ba, sayi biyu jinsi ɗaya ka sa su a baya, ka zaɓi biyu mafi lafiya da suka dace da juna ka bar su a gaba zuwa ƙarshen wata. Bayan mako biyun ka aiko min da lambobin, sai mu yi maganar batir.