Ga 'yar uwar da ke son kai yara bikin Gion da daddare

'Yar uwa tambayarki ta fama min ciwo wallahi. Kin ce za ki kai yara Gion Matsuri, bikin nan na birnin Kyoto a Japan, daren 15 ko 16 ga Yuli amma cunkoso da abincin wurin na ba ki tsoro, to gaskiyarki.

Mu wata maƙwabciyarmu ce ta ja mu, tana ta cika baki wai ta san Kyoto kamar yunwar cikinta, muna fitowa daga tashar Karasuma ta hango ƙawayenta cikin yukata, rigar gargajiyarsu ta lokacin zafi, ta ce mu jira tana zuwa, shikenan fa. Titin Shijo an hana motoci, mutane sun cika shi maƙil, 'yan sanda na ta magana a lasifika a bi gefe ɗaya babu juyawa, ga zafin Yulin nan mai danƙo, sai autana ya zame daga hannuna gindin wani ƙaton keken katako mai fitilu inda ake busa sarewa. Na kira babansu waya taƙi shiga. Ina ihun sunansa ƙarar ƙararrawa ta danne muryata, ban taɓa jin ƙafafuna sun mutu irin ranar ba. Wani dattijo ne ya ɗaga shi sama na hango hularsa, Allah ya saka masa. Ita kuwa maƙwabciyar washegari hotunanta ta turo min wai kun sha biki? Ko sannu. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ki rubuta lambarki a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu. Yakisoba (soyayyiyar taliya) da okonomiyaki (wainar fulawa da kabeji) na rumfunan nan yawanci da naman alade, kar kowa ya ce miki "ai ba komai", ku ci ku ƙoshi a gida, can sai kakigori ƙanƙarar nan mai zaƙi da tuffa mai alawa. Chimakin da ake sayarwa, ƙunshin ganyen gora, ba na ci ba ne, layarsu ce ta rataya a ƙofa, yara za su yi ta naci. Ki tafi da kuɗi a hannu da leda don kwandon shara wuyar gani yake, kuma magariba bakwai da 'yan mintuna ne ki fita da alwala.

Ni da za ki ji tawa ki bari sai 21 zuwa 23, kekunan da fitilun na nan, babu rumfunan abinci, mutane ba su kai haka ba.