Corolla ta haura kilomita 250,000: 20W-50 zan koma?

Malam, ka ce makanikenka a Panteka ya ce tunda Corollarka ta tsufa, ka bar man inji 5W-30 ka koma 20W-50 mai kauri. Ni dai ban goyi bayan wannan tsallen ba.

Lambar da ke kafin W tana nuna yadda mai ke gudana da safe idan inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Injin VVT-i, wato tsarin Toyota mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin mai yake aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi. Mai kauri sosai yakan makara wajen kaiwa sama, musamman da asubar hunturu, kuma a lokacin tayar da mota ne inji ya fi cin jiki. Ga shan fetur.

Yawan kilomita kaɗai ba hujja ba ne. Ka zaro sandar awon mai kowane mako, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji a kashe. Idan bai ragu ba, babu shuɗin hayaki a salansa, ka tsaya kan abin da littafin motar ya ce. Idan yana raguwa kaɗan-kaɗan, hau mataki ɗaya: 5W-40 ko 10W-40 sun isa zafin Kaduna na Maris da Afrilu. In kuwa ringin fistin, wanda ke hana mai shiga inda fetur ke ƙonewa, ya mutu, 20W-50 ɓoye ciwon zai yi kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne jabun mai. Sayi galan a rufe, mai tambarin API (cibiyar Amurka da ke tantance ingancin man inji), kuma ka canza filtar mai duk juye, saboda ƙurar hunturu.